Yadda ake zama da kwastoma mai wuyar sha'ani idan aikinka ba da shawarar kuɗi ne a Kumasi

A ƙarshen 2022 wata dattijuwa mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta shigo ofishinmu da ke Adum, jikarta na biye da ita riƙe da jaka. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta shimfiɗa takardar lissafinta a kan teburina, ta danne ta da tafin hannu. Ta ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba, amma na san lamba idan ta ragu. Wa ya ci?"

Ba wanda ya ci. Kuɗinta na cikin asusun haɗaka ne, inda ake tara kuɗin mutane da yawa a juya tare, da aka sayi takardun bashin gwamnati da shi, kuma a watannin nan hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta umarci masu riƙe da irin waɗannan asusai su riƙa rubuta darajar takardun bisa farashinsu na kasuwa a ranar. Farashi ya faɗi, lamba ta ragu. Na kusa awa biyu ina bayani, ta tashi ba ta gamsu ba. Da dare na kasa barci, domin ni na karɓe ta ranar da ta fara kawo kuɗin, kuma ban taɓa buɗe baki na ce mata wannan lambar tana iya yin ƙasa ba. Tun daga ranar na canza yadda nake aiki. Yawancin rigimar da muke sha da masu dukiya a zaman farko ake shuka ta, don haka daga can zan fara.

Mataki na ɗaya: zaman farko, kafin ko sisi ya shiga asusu

Kada ka yi gaggawar jawo fom. Ɗan zango ba ya buɗe cikinsa ga wanda bai gaishe shi ba. Ka tambayi gida, ka tambayi kasuwa, ka bar shi ya sha ruwa. Bayan nan akwai tambayoyin da ba na tsallakewa ko da mutum yana sauri.

Ta farko: kuɗin na wane ne? Sau da yawa wanda ke gabanka ɗan aike ne na amana. Kuɗin adashin matan layinsu ne a hannunta, ko na marayun ƙaninsa, ko na wansa da ke Jamus ko Italiya yana turowa don a yi masa gini a Sawaba. Mai riƙe da kuɗin wani ya fi kowa saurin tashin hankali, saboda mutuncinsa ne a ciki.

Ta biyu: yaushe za a buƙace shi? Ka matsa a nan, don amsar farko kullum ita ce "ba yanzu ba". Ka tambaya dalla-dalla. Akwai niyyar Hajji bana? Akwai auren 'ya bayan Salla? Kuɗin haya na shago, wanda masu gida ke karɓa na shekara biyu a dunƙule, yaushe zai zagayo? Jarin da mai albasa zai aika Nijar da shi nan da wata biyu ba ya shiga abin da sai ya shekara uku.

Ta uku ita ce wadda baƙi a aikin nan ke mantawa: da wane kuɗi yake ƙirga? Tun Yulin 2007 aka yanke sifili huɗu daga sidi, kuɗin Gana, dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma har yau dattawanmu da yawa da tsohon lissafi suke magana. Alhaji zai ce maka ya kawo miliyan ɗari biyar, yana nufin sidi 50,000. Idan kai kuma ka ce masa zai samu dubu uku, ka tabbatar ya san dubu ukun yanzu kake nufi, wato miliyan talatin a bakinsa. Ni nakan rubuta duka biyun a gefe da gefe, in karanta masa.

Sannan ka faɗi mai ɗacin tun kan ya tambaya. Ka gaya masa abin da zai iya rasawa, da kuɗin aikin da za a cire, da abin da za a zaftare idan ya fasa kafin wa'adi. Babban wurin da ake samun saɓani shi ne kashin da ake ambata. Misali, takardar bashin gwamnati ta kwana 91, wadda kowa ke kira tibil, a ce tana ba da kashi 28 cikin ɗari. Wanda ya sa 50,000 ya ji 28 sai ya lissafa 14,000 a ransa. Alhali kashin na shekara ne, abin da zai gani bayan wata uku wajen 3,500 ne. Idan ba ka ambaci wannan 3,500 da bakinka ba, ranar biya kai ne ɓarawo a idonsa. Ka daina magana da kashi, ka yi da sidi.

Daga nan sai rubutu. Duk abin da kuka tsayar ya shiga takarda, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wanda ba ya karatun boko, ka nemi ya zo da ɗansa ko wanda ya yarda da shi. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne saƙon murya: bayan ya tafi nakan tura masa ta WhatsApp, da Hausa, minti biyu, in maimaita nawa ya sa, a ina, zuwa yaushe, da abin da zai iya faruwa in kasuwa ta juya. In roƙe shi ya amsa da muryarsa cewa ya ji. Ranar da gardama ta tashi, ba ni nake tuna masa ba, wayarsa ce.

Mataki na biyu: ka gane abin da ke cinsa

Kafin ka kira mutum mai fitina, ka tuna abin da mutanen ƙasar nan suka gani da idonsu. Kamfanin ajiya da bashi na DKM ya rushe da kuɗin jama'a wajen 2015 zuwa 2016. A Agustan 2017 Babban Bankin Gana ya janye lasisin bankunan UT da Capital, shekara ta zagayo aka haɗe wasu bankuna biyar aka yi Consolidated Bank. A Satumban 2018 aka dakatar da Menzgold, kamfanin zuba jari a zinariya. A 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin bashi 347 a rana ɗaya, a Nuwamban shekarar kuma SEC ta soke na kamfanonin juya kuɗi 53. Da wuya ka samu gida a Aboabo ko Asawase da ba a san wanda kuɗinsa ya maƙale a ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai kuma mafi ciwo: a ƙarshen Oktoban 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ce ba za a yi wa masu takardun gwamnati aski ba, wato ba za a zaftare musu kuɗinsu ba, a farkon Disamba ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya sanar da musayar tsofaffin takardun da sababbi, da tayin farko na babu ko kwabon kuɗin ruwa a 2023 da wa'adin da ya kai har 2037. Tsofaffin ma'aikata suka yi ta zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a Akra, har tsohuwar babbar mai shari'a Sophia Akuffo ta je ta zauna tare da su.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Mafi yawan masu ɗaga murya a ofishina tsoro ne ke magana a bakinsu. Wasu kwaɗayi ne, wasu kunyar mutanen da suka ba su amana, wasu kuwa shakka ce ta addini da suka kasa furtawa. Kaɗan ne ƙwarai masu mugun nufi. Kowane da maganinsa, kuma idan ka ba mai tsoro maganin mai kwaɗayi ka ƙara masa ciwo.

Mataki na uku: ranar da ya shigo da fushi

Ka tashi tsaye ka tarbe shi, ka janye shi daga idon mutane zuwa ɗaki mai ƙofa. Dattijon da ya yi faɗa a gaban jama'a ba zai iya sauka a gabansu ba, ko ya gane kuskurensa. Ka kife wayarka. Ka bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa, ko da rabinsa ba daidai ba ne, kana rubuta muhimman wurare a gabansa. Ganin alƙalami na motsi kaɗai yana rage zafi.

Idan ya numfasa, ka mayar masa da maganarsa: "Alhaji, in na fahimce ka, ka sa 80,000, ka zo cira an ce 71,000, kuma ba wanda ya kira ka ya sanar da kai. Haka ne?" Sai ya ce haka ne kafin ka ci gaba. Sau da yawa a nan za ka gano cewa rashin kiran ya fi ragin kuɗin ƙona masa rai.

Akwai maganganun da na hana kaina. Ba na cewa "ai na gaya maka", ko da na gaya masa. Ba na cewa "ba kai kaɗai ba ne", domin asarar wani ba ta cika masa aljihu. Ba na ɓuya a bayan Turancin ofis. Sannan ina kiyaye in sha Allahu. Mu Musulmi ne, ba ma rabuwa da ita, amma idan ka ce "in sha Allahu zai dawo kafin azumi", shi alkawari ya ji, kuma zai zo karɓa. Ka ajiye ta ga abin da ke hannunka: "In sha Allahu ranar Laraba bayan azahar zan kira ka da amsar manaja." Ranar Laraba kuma ka kira, ko amsar ba ta fito ba, ka ce ba ta fito ba.

Idan laifin naka ne ko na ofishinku, ka amsa shi a fili, sau ɗaya, ba tare da kwana-kwana ba, ka sanar da na gaba da kai a ranar, ka faɗi yadda za a gyara. Kada ka zaro kuɗi daga aljihunka don ka toshe baki. Yau ka biya ɗaya, gobe unguwa ta ji. Idan kuma kasuwa ce ta faɗi, ka nuna masa takardar zaman farko cikin ladabi, ka jera masa hanyoyin da suka rage da farashin kowace: ya cire yanzu ya ɗauki asarar, ya cire rabi don buƙatar gaggawa, ko ya jira. Ka faɗi wadda kai kake gani, ka bar masa zaɓi. In ba dole ba, kada a yanke shawara ranar fushi. Ka ce ya je ya kwana a kai.

Zagi daban ne. Dattijo ya ɗaga murya, wannan haƙuri ake yi. Amma in aka kai ga zagin iyaye ko barazana, nakan miƙe in ce, "Baba, girmanka ya wuce mu ci gaba a haka. Mu haɗu gobe tare da manaja." In rubuta abin da ya faru tun ban manta ba.

Mataki na huɗu: mai cewa "wancan ya fi ku bayarwa"

Wannan kullum yana da aboki da ke samun kashi goma a wata. Kada ka zagi abokin, kada ka kira shi mai kwaɗayi. Ka jawo kalkuleta ku yi lissafin tare. Sidi 10,000 da ke haihuwar kashi goma duk wata, ana barin abin da ya haifa a ciki, a shekara ya wuce 31,000. A shekara biyar ya haura miliyan uku na sabon kuɗi. Sai ka tambaye shi a matsayinsa na ɗan kasuwa: "Alhaji, shekara talatin kana fataucin goro. Wace haja ce ke yin haka? In da akwai ta, me zai sa mai ita ya nemi kuɗinka, bai je banki ya ranta ba?" Ɗan kasuwa na gaske yakan yi shiru a nan. Menzgold ma abin da ya riƙa yi wa mutane alkawari bai wuce kashi bakwai zuwa goma a wata ba.

Bayan lissafi, ka buɗe shafin SEC da na Babban Banki a gabansa ku nemi sunan kamfanin a jerin masu lasisi. Ka kuma gaya masa cewa ko a banki mai lasisi kariyar ajiya tana da iyaka: lokacin da tsarin ya fara aiki a 2019, sidi 6,250 ne ga mai ajiya a banki, 1,250 a ƙananan kamfanonin ajiya da bashi. Wanda ba shi da lasisi kuwa babu ko anini.

Idan duk da haka ya nace, kuɗinsa ne. Ka rubuta cewa ka ba shi shawara ya ƙi, ya sa hannu, ka biya shi ba tare da ɓata fuska ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ya kai duka, kada kuma ya kai na marayu.

Ɗan'uwansa shi ne mai dala. A 2022 sidi ya zube daga wajen shida a dala ɗaya zuwa fiye da ninki biyu, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba, tibil kuwa yana wajen 35. Duk wanda ya zauna a sidi ya ji a jikinsa, kuma da yawa sun zarge mu. Sai ga 2025, cikin 'yan makonni dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan 10, waɗanda suka kwashe komai suka sayi dala suka dawo da wani sabon kuka. Nakan ajiye waɗannan shekaru biyu a gaban mai son in yi masa duba, in ce ban san gobe ba, abin da na iya shi ne raba ƙafa gwargwadon buƙatarsa. Mai niyyar Makka ko mai sayo kaya daga waje yana da dalilin riƙe dala. Mai biyan kuɗin makaranta a Tafo da sidi zai biya.

Mataki na biyar: mai bugo waya safe da yamma

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka riga shi kira. Ka yanka masa rana, a ce Litinin ta farkon kowane wata, ka tura masa lissafinsa da saƙon murya. Ka gaya masa lokutan da kake ɗaga waya, ka tsaya a kansu. Idan wata uku suka wuce bai natsu ba, abin da ka sa shi a ciki ya fi ƙarfin zuciyarsa. Ka mayar da shi inda lamba ba ta rawa, ko da abin da zai samu ya ragu.

Mataki na shida: maganar halal da haram

A nan harshenmu kansa yana iya jefa ka cikin rigima. Idan Bahaushe ya ce "akwai riba?", yana iya nufin ribar ciniki, yana iya nufin ribar da Alƙur'ani ya haramta. Na ga wanda ya amsa da "sosai ma" yana murna, kwastoma ya tattara takardunsa ya fita. Na kuma ga wanda ya shekara biyu yana karɓa, ran nan ya ji wa'azi a masallaci, ya zo yana rawar jiki yana cewa an cuce shi an ciyar da iyalinsa haram. Wannan fushin ya fi na asara zafi, kuma yana da gaskiya idan ba a fayyace masa ba.

Saboda haka ka kira abu da sunansa. Tibil bashi ne kake ba gwamnati ta mayar maka da ƙari, kuɗin ruwa ne. Ajiyar wa'adi a banki haka take. Asusun haɗaka da yawa cikinsu tibil ne da takardun bashi. Hannun jari kuwa mallakar wani yanki ne na kamfani, ana ci tare a yi asara tare, sai dai a kasuwar hannun jari ta Gana akwai kamfanin giya, akwai bankuna, akwai kuma irin su MTN da ya shiga a 2018, don haka sai an tsince. Akwai kuma zinariya, har Babban Banki ya fito da tsabar zinariyarsa a 2024 ana saye ta bankuna, amma ita ma farashinta na hawa yana sauka.

Kai ba malami ba ne, kada ka ba da fatawa don ciniki ya faɗa. Ka rubuta masa yadda abin ke aiki a sauƙaƙe, ya kai wa malaminsa. In malamin yana da tambaya, ka je da ƙafarka. Na sha zama a zaure bayan la'asar ina zana wa malami yadda asusu ke juyawa, kuma ban taɓa nadamar wannan tafiya ba. Ka kuma tuna masa da zakka, ɗaya cikin arba'in idan dukiya ta kai nisabi ta shekara, don a ware abin da zai fitar kada wa'adi ya kulle shi.

Mataki na bakwai: iyali, sirri da gado

Wani lokaci mai wuyar sha'anin ba shi ne mai asusun ba. Miji ne ke son sanin nawa matarsa ta tara, ko babban ɗa da ke ganin tsohon ya fara mantuwa. Amsa ɗaya ce, a faɗe ta da fara'a: "Yaya, amana ce. Yadda ba zan faɗa wa kowa naka ba, haka ba zan faɗa maka nata ba. Ku zo tare in ta yarda." Dokar kare bayanan mutane ta 2012 tana bayanka, amma kalmar amana ta fi saurin shiga kunne. Matan kasuwa da yawa sirrin nan ne ya kawo su wurinka, ranar da ya fita ka rasa su duka.

Rasuwa ita ce jarrabawa mafi girma. Bayan sadakar bakwai za ka ga 'yan'uwa sun zo, kowa da tasa. Wanda aka rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci yana ɗauka kuɗin nasa ne, alhali sunan don a san wanda za a tuntuɓa ne. Malamai sun raba gado bisa shari'a a gida, ofis kuma ba zai saki ko sisi ba sai da takardar kotu, ta tabbatar da wasiyya ko ta izinin kula da dukiyar mamaci. Wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar gado ta 1985 ce kotu ke dubawa, kuma rabonta ya sha bamban da na Musulunci. Ka fara da ta'aziyya, ka je gidan in ka san mamacin. Ka tara su wuri ɗaya ka faɗi magana ɗaya a gaban kowa, kada ka gana da ɓangare a ɓoye. Ka rubuta musu takardun da za su nemo, ka tura su ga lauya. Wannan ne ya sa nake damun duk Alhajin da ke da mata fiye da ɗaya ya rubuta wasiyya tun yana da ƙarfi, ko da ya ɓata rai ya ce ina yi masa fatan mutuwa.

Mataki na takwas: inda ba a sassauci

Akwai wanda zai zo da kuɗi a jakar leda, ya ce a buɗe da sunan yaron shagonsa. Akwai mai cewa a mayar da kwanan wata baya, ko a rubuta masa takardar da ta nuna yana da abin da ba shi da shi don neman biza. Akwai mai jin haushin an tambaye shi katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da inda kuɗin ya fito. Ka bayyana masa cewa tun Yulin 2022 bankuna ba sa hulɗa sai da katin, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2020 ta ɗora maka tambayar. Yawancin 'yan kasuwarmu kuɗinsu halal ne, rasit ne kawai ba su saba ajiyewa ba, don haka ka taimaka musu da abin da ke akwai: littafin shago, tarihin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, takardar kwastan. Wanda labarinsa ya ƙi haɗuwa, ka kai wa jami'in da ke kula da bin doka a ofishinku, kada ka gaya wa mai kuɗin ka kai, don doka ta hana.

Kada kuma ka taɓa karɓar kuɗi a hannu a wajen ofis, ko a tura ta MoMo ɗinka. A ƙofar masallaci bayan Juma'a wani zai cusa maka ambulan ya ce "ka sa mini Litinin". Ka mayar masa da hannu biyu, ka ce ya zo a ba shi rasit. Zai ji ba daɗi na yini ɗaya.

Mataki na tara: zama cikin mutanen da kake yi wa aiki

Abokan aikina da ba 'yan zango ba suna rufe ofis su tafi gida. Ni kwastomomina su ne sahun gabana a masallaci, su nake tararwa a wurin suna da jana'iza, wasu sun goya ni. Mai ƙorafi ba ya rubuta wasiƙa, wurin mahaifiyata yake zuwa, ko wurin liman, ko fadar sarkin zango. Idan aka kira ka gaban manya, ka je da wuri, ka durƙusa ka gaishe su. Kada ka buɗe lissafin mutum a gabansu sai shi ya ba da izini da bakinsa. In ya bayar, ka karanta takardar zaman farko, ka kunna saƙon murya. Ka girmama sulhunsu, amma ka faɗa musu a fili abin da ba ya hannunka, don kada a yanke maka biyan abin da kasuwa ta ci.

A wurin biki kuwa jumla ɗaya ta ishe ka: "Mma, nan idon mutane ne, kuɗinki sirrinki ne. Gobe da ƙarfe goma ina jiranki."

Mataki na goma: idan zaman ya ƙi

Wanda ya maimaita zagi, ko ya nace sai ka karya doka, ko kullum ya yi gaban kansa ya dawo ya ɗora maka, rabuwa ta fi. Ka shawarci manaja tukuna. Ka rubuta masa wasiƙa gajera ba zargi a ciki, ka ba shi wa'adi, ka lissafa masa duk abin da yake da shi da abin da za a cire, ka taimaka a mayar da shi wani kamfani mai lasisi ko hannun wani abokin aikinka. Ka sanar da shi haƙƙinsa na kai ƙara: ofishinku da farko, sannan SEC idan zuba jari ne, Babban Banki idan ajiyar banki ce, hukumar NPRA idan fansho ne. Ni da kaina nake rubuta masa inda zai je. Bayan nan bakinka ya rufu a kansa, ko a majalisar shayi aka tsokano zancen. Idan kun haɗu a hanya ka riga shi sallama.

Dattijuwar Kejetia ba mu rabu ba. Na bi ta har rumfarta bayan kwana uku, na zauna a kan benci tsakanin tulin atamfofi, na ce mata kuskurena ne da ban gaya mata tun farko ba. Ta cire kashi ɗaya cikin uku don ta sari kayan Kirsimeti, ta bar saura. Yanzu duk Litinin ta farkon wata jikarta ke kunna mata saƙona, ita kuma ta amsa da tsohon lissafi, miliyan kaza da ɗari kaza, in mayar mata da shi sabo.